Abin da Ya Hana Gwaggo Tashi

Ranar da Sharhabil ya fara ganin Harira, rabin jikinsa na ƙarƙashin motar wani, don haka takalmanta ya fara gani. Sun zo sun tsaya daidai kansa, aka yi masa sallama da wata murya mai sanyi. Garin saurin amsawa ya buga goshinsa da ƙarfe, ya fito yana murza wurin da hannu mai baƙin mai.

"Sannu. Nan ne Ƙungiyar 'Yan Ratse?" ta tambaya, tana danne dariya.

Nan ne. Duk Asabar suke haɗuwa a wani fili bayan gidan mai a Mando. Mutane ne da Allah ya jarabce su da son tsofaffin motocin daji, irin waɗanda duka tayoyinsu huɗu ke ja. Sai su bar kwalta mai kyau su je su nemi laka su shiga da gangan, su dawo gida suna murna. Sharhabil malamin lissafi ne a wata sakandare a Rigasa, amma a cikin ƙungiyar babu mai hannunsa a gyara.

Ya raka ta wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Zakariyya. Ta ce sunanta Harira, aikinta koya wa mata tuƙi, kuma shiga take son yi. Ta miƙa wayarta. Hoton wata tsohuwar a-kori-kura ce, tayoyinta a sace, kaji sun mayar da bayanta gida.

"Ta babana ce. Gwaggo muke ce mata. Tun ina sakandare rabon da ta motsa."

Alhaji ya daɗe yana kallon hoton kamar ya ga tsohon aboki. Sannan ya gaya mata yadda suke yi. Duk wanda ya shigo da matacciyar mota, ƙungiya za ta ba shi mutum ɗaya ya taya shi tashinta. Mai gyaran ba ya karɓar komai a gidan sai abinci da ruwa, ba ya kuma roƙon komai a wurin masu gidan, har sai ranar da motar ta tsallaka rafin da suke gwaji da ƙafafunta.

"Sharhabil, na ba ka Gwaggo," in ji Alhaji.

Ya ce to. Da ya juyo suka haɗa ido da Harira, sai ya ji ya manta inda ya ajiye sifanarsa, alhali tana hannunsa.

Gidansu na Abakpa, a wani lungu da mota ɗaya ke iya shiga. Mahaifinta, Malam Ila, Bakatsine ne, tsohon direban ma'aikatan gona. Da ya yi ritaya aka bar masa motar, ya ci gaba da tuƙa ta har ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ya karɓi Sharhabil ba yabo ba fallasa, ya kuma gaya masa gaskiyarsa tun ranar farko.

"Ni laka neman abinci ya kai ni cikinta, yaro. Na kwana a daji ina yi wa wannan motar kuka. Ku kuma kun ƙoshi, kuna zuwa ku shiga don nishaɗi. Ban gane muku ba, kuma ba na jin zan gane."

Sharhabil ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya buɗe bonet.

Haka Asabar ta zama tasu. Shi yana kwance-kwance, Harira na miƙo sifana tun kafin ya faɗi lambarta, don a gefen wannan injin ta girma. Malam Ila na zaune a kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, yana yi kamar rediyo yake saurare. Da azahar Harira za ta fito da kula, wata rana dambu, wata rana shinkafa da wake. Ita ta sa masa suna Injiniya. Shi kuma, bayan ya yi ta juya abin a ransa, ya samu ƙarfin halin ce mata Direba.

Kafin a gama wanke kafireto, Sharhabil ya san ya kamu. Son Harira ya shige shi har yana rubuta lissafi a allo ya tsaya yana murmushi, ɗalibai na taɓa juna. To amma Sharhabil mutum ne da idan aka ba shi doka, yakan riƙe ta har inda mai dokar bai yi zato ba. An ce kada ya roƙi komai a gidan. Akwai kuwa abin da ya fi 'yar gida girma da mutum zai roƙa? A ganinsa, in ya buɗe baki yanzu, ya mayar da gyaran ciniki ke nan. Sai ya yanke wa kansa shawara shi kaɗai, bai tambayi kowa ba: ya gama motar da wuri, ta tsallaka rafi, sannan ya yi magana.

Daga nan ya shiga sauri. Ya rage hira, ya ƙara da zuwa ranar Laraba bayan an tashi makaranta, ya riƙa cin abinci a tsaye. Wata yamma saƙonta ya shigo.

"Injiniya, ka isa gida lafiya? Yau ko kallon dambun ba ka yi ba. Na yi maka laifi ne?"

Ya karanta har ya haddace. Ya rubuta amsa mai tsawo, ya goge. Ya sake rubutawa, ya ga ita ma ta yi kama da roƙo. Abin da ya tura a ƙarshe shi ne:

"Lafiya lau, Direba. Dambu ya yi daɗi. Gobe zan shiga kasuwar Panteka neman famfon mai."

Bayan wani lokaci ta amsa: "To. Allah ya ba da sa'ar famfo."

Ya zauna yana kallon wayar, bai gane me ya sa amsar ta yi masa sanyi haka ba.

Ana cikin haka Yahaya ya fara zuwa gidan. Shi ma ɗan ƙungiya ne, ɗan kasuwa, mai sabuwar jif da ko a laka sai ta yi ƙyalli. Shi ba a ba shi gyaran komai ba, don haka bakinsa a sake yake. Yakan zo da ledar lemo ya gaida Malam Ila, ya tsaya a bakin zaure suna magana da Harira. Sharhabil na ƙarƙashin mota yana jin dariyarta, yana ɗaure noti ɗaya har ya kusa tsinke shi.

Wata Asabar Malam Ila ya yi maganar a gaban Sharhabil, kamar da darbejiya yake.

"Yahaya ya ce bayan Babbar Sallah zai turo manyansa. Na ce sai na ji ta bakin yarinya. Shi dai ko ba komai yana da sana'a a bayyane, kuma in ya zo gidan mutum yakan faɗi abin da ya kawo shi."

Sallah ta kusa, damina ta kankama, rafi ya kawo. Sharhabil ya ƙara wuta.

Ranar da Gwaggo ta tashi, unguwa ta sani. Ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama ruri. Inna Kaltume, mahaifiyar Harira, ta fito da ludayi a hannu tana guɗa. Malam Ila ya kashe rediyo, ya rufe ido yana sauraren injin. Sharhabil ya juya don ya ga murnar Harira, sai ya tarar babu fara'a a fuskarta.

"Shi ke nan ka gama?" ta ce.

"Saura kaɗan. Asabar mai zuwa sai rafi, in sha Allahu."

"Ka ji daɗi ke nan, ka huta da mu."

Kafin ya gane inda maganar ta dosa ta shige ciki.

Ranar Laraba ya zo ya murza makulli, Gwaggo ta yi shiru. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya tarar babu fiyus guda. Ya tsaya yana sosa kai, don zai iya rantsewa da hannunsa ya sa shi. Ya sayo wani ya sa, ta tashi. Ranar Asabar ta sake ƙi, wannan karon wayar filogi ce ta yi ɓatan dabo. Aka ɗaga zuwa rafi. Sati na gaba wani ɗan ƙarfe ne a cikin kan injin da ke raba wuta, shi ma babu shi babu dalilinsa.

Sharhabil ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa, har ya koma ɗaukar hoton injin kafin ya tafi. Ya zargi ɓeraye, ya sa tarko, ya kama kazar Inna Kaltume. Inna kuwa ta ce ita tun farko ta san motar da ta daɗe a ajiye ba ta rasa masu zama a ciki, ta turara mata hayaƙi har sai da Malam Ila ya yi ta atishawa. Abin da ya ƙara rikita shi, duk ranar da motar ta ƙi tashi Harira sai ta fito da fara'a, ta yi masa girki na musamman, ta zauna a kan tsohuwar taya tana jansa da hira. Ita da ta kawo motar, ita ce ba ta damu ba. Ya ce a ransa lallai hankalinta ya koma kan sabuwar jif.

Daga nan zarginsa ya sauka kan Yahaya. Ya tare shi a filin Mando, ya ja shi gefe.

"Malam Yahaya, in neman aure kake ka nema, amma ka bar taɓa mini mota."

Yahaya ya dube shi sama da ƙasa. "Wace mota? Ni da ko bonet ɗin tawa ban san yadda ake buɗewa ba?" Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma in don yarinyar ce, ka kwantar da hankalinka. Duk zuwan da na yi, labarinka take ba ni. Na gaji da jin yadda kake wanke kafireto. Na riga na gaya wa Baba na janye."

Sharhabil ya ba shi haƙuri, ya koma gida rikicewarsa ta ƙaru. In labarinsa take bayarwa, me ya sa take ce masa ya huta da su? In kuma ba Yahaya ba ne, wa ke kwashe masa kaya?

Amsar ta zo ranar wata Asabar da Harira ta fita koyar da tuƙi ta makara. Azahar ta yi, Inna Kaltume ta ga bai kamata baƙo ya zauna da yunwa ba. Ta shiga ɗakin Harira ta ga kula a gefen gado, ta ɗaga ta ji nauyi, ta ce ashe yarinyar ta zuba kafin ta fita. Ta kawo ta ajiye a kan tabarma tsakanin Sharhabil da Malam Ila.

Sharhabil ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya buɗe.

Fiyus ne a ciki, da wayar filogi a naɗe, da ɗan ƙarfen nan mai raba wuta, da wasu notina da bai ma san sun ɓata ba. An goge kowanne tas, an shimfiɗa musu ƙyalle.

Daidai lokacin Harira ta yi sallama ta shigo, idonta ya sauka kan kular, jakarta ta zame daga kafaɗa.

"Ni na koya miki wannan," in ji Malam Ila a hankali. "Na koya miki abin da ake cirewa don kada ɓarawo ya tashi mota. Ban koya miki don ki wahalar da bawan Allah ba. Me ya yi miki?"

Ta rufe fuska da mayafi ta ruga ciki. Malam Ila ya juyo kan Sharhabil, ransa a ɓace.

"Kai kuma ka tattara kayanka. Wata da watanni kana shiga gidana, yarinya ta zama abin da ta zama, ban ji ka ce komai ba. Ko motar kake so, ko me kake so, ni ban sani ba. Ka je na gode."

Sharhabil ya buɗe baki, doka ta tare shi, ya rufe. Ya ɗauki akwatin sifanarsa ya fita.

Bayan la'asar saƙonta ya same shi.

"Injiniya, ka yafe mini. Na ga kana ta sauri kamar ana korarka, na san ranar da ta tsallaka rafi ba ka da sauran dalilin zuwa gidanmu. Ban san yadda zan ce ka tsaya ba, shi ya sa na hana ta tashi. Na ji kunya. Ba sai ka amsa ba."

Ya zauna a bakin gado, hawaye suka cika masa ido, dariya kuma na neman ƙwace masa. Ashe duk abin da ya ɗaura da rana don ya matso kusa da ita, ita take bi ta kwance don kada ya yi nisa. Bai tsaya rubuta amsa ba, ya hau babur sai gidan Alhaji Zakariyya, ya zayyana masa komai, ya roƙi a sassauta masa doka.

Alhaji ya yi dariya har sai da ya cire hula ya goge ido.

"Sharhabil, Allah ya shirye ka. Wani ne ya taɓa gyara wa ɗan'uwa mota ya ce sai an ba shi fili, shi ya sa muka kafa dokar. Wa ya ce maka ta shafi aure? Da ka tambaye ni tun farko, da yanzu ana shirin biki."

Sharhabil ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji ya rubuta wa Harira.

"Direbata, ba gudunku nake ba. Na ɗauka ba ni da ikon neman komai a gidanku sai mota ta tsallaka, shi ya sa nake sauri, don in samu bakin neman ki. Ke nake so tun ranar da na buga goshina. Don Allah ki bar kayan a jikinta."

Amsa ta zo nan take: "Na mayar da su duka. Amma Baba ya ce ba ya son jin sunanka."

Alhaji Zakariyya ne ya je da kansa ya ba Malam Ila haƙuri, ya roƙe shi abu ɗaya, ya zo ya ga ranar da motarsa za ta shiga ruwa. Malam Ila ya ce don motar zai je, ba don kowa ba.

Rafin na bayan gari, ba nisa, don yanzu 'yan ƙungiya ba sa zurfafawa daji. An yi ruwa da safe, rafi ya kawo ja wur. Harira na riƙe da sitiyari, mahaifinta na gefenta da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ta sa giya za ta shiga, sai Sharhabil ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Haka suke yi, mai nuna hanya shi ke fara shiga da ƙafa. Ya cire takalmi ya faɗa ruwan da rigarsa, yana taka ƙasa a hankali yana laluben rami. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. A tsakiya ƙafarsa ta zurma, ya nutse har wuya, ya taso yana tari. Harira ta dafe ƙirji. Bai fito ba, sai ya tsaya a bakin ramin ya kafe, don ta san inda ba za ta bi ba, ya ɗaga hannu biyu ya kira ta.

Gwaggo ta shiga tana gurnani. Harira ba ta kalli ruwa ba, hannunsa kawai take kallo, in ya karkata ta karkata. Suka wuce shi da kamar taku ɗaya, motar ta yi tangaɗi, ta kama tudu ta haye. 'Yan ƙungiya suka ɗau tafi da danna oda.

Malam Ila bai tafa ba. Ya sauko da ƙyar, ya jira har Sharhabil ya fito ya durƙusa a gabansa, laka har cikin kunne.

"Baba, ina neman izini..."

"Na ji," Malam Ila ya katse shi. Muryarsa ta canja. "Na yi shekaru ina shiga irin wannan ruwa, ba wanda ya taɓa shiga gabana ya duba mini. Har yanzu ban gane abin da kuke nema a laka ba. Amma na ga inda ka tsaya." Ya share ido da bakin rawani. "Ba a wannan magana a bakin rafi. Je ka yi wanka, ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan Sallah, a masallacin unguwarsu a Abakpa. Yahaya na cikin abokan ango, ya fi kowa rabon goro. Da za a tafi da amarya, Malam Ila ya sa aka kira su biyun, ya dafa kan 'yarsa ya daɗe yana addu'a, Inna Kaltume na amsawa da kuka.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare. Kuma don girman Allah, in abu ya dame ku, ku buɗe baki ku gaya wa juna."

Da 'yan rakiya suka watse, Sharhabil ya zauna kusa da ita, ya ɗaga mayafin a hankali. Sai a lokacin ya tuna cewa duk abin nan da aka yi, a waya kawai ya taɓa faɗa mata.

"Harira," ya ce, "ina son ki."

Ta ɗago ido cike da hawaye, tana murmushi.

"Na sani, ango. Amma sake faɗa, na daɗe ina jira."